Da Aka Sakar Wa Mai Saye Baki A Kasuwar eBay

 

Yau ina so ne mu tattauna a kan wata kasuwa wadda babu ko rumfa ɗaya a cikinta, kuma na san da yawanmu ba mu taɓa sayen ko allura a can ba, wato kasuwar intanet ta eBay. Abin da ya sa na ɗauko ta shi ne wata 'yar doka guda ɗaya da masu kasuwar suka canza a shekarar 2008, wadda ta tayar da ƙura sosai, har masu sayarwa suka yi yaji. Ni ɗan kasuwa ne ya haife ni, a rumfa na tashi, don haka da son rai zan bi, da bayan masu sayarwa zan goya. Amma ra'ayina shi ne masu eBay sun yi daidai, kuma dalilin da ya sa suka yi daidai ya shafe mu, mu da muke neman abinci a garin mutane, fiye da yadda ya shafi Baturen da ke sayar da tsohon agogo a Amurka.

Bari in fara da yadda kasuwar take, saboda wanda bai sani ba. Wani mutum mai suna Pierre Omidyar ne ya buɗe ta a jihar Kalifoniya ta Amurka a 1995, a matsayin wurin gwanjo. Mai kaya zai sa hoton kayansa da bayani, masu so su yi ta tayi, wanda ya fi tsoka ya ɗauka. To amma akwai matsala tun daga tushe. Mai saye yana wani gari, mai sayarwa yana wani, ba su taɓa ganin juna ba, kuma sai an tura kuɗi kafin a turo kaya. Wa zai yarda da wa? Shi ya sa a 1996 aka ƙirƙiro tsarin shaida. Idan an gama ciniki, kowane ɓangare zai ba da shaida a kan ɗan uwansa, ko yabo, ko kushe, ko tsaka-tsaki, haɗe da 'yar gajeriyar magana. Wannan shaida tana manne da sunanka, duk wanda zai yi hulɗa da kai gobe sai ya gan ta.

Idan ka kalle shi a ido, babu adalcin da ya kai wannan. Ka faɗi nawa, in faɗi naka. Sai dai mutane ba su daɗe ba suka gano inda dabarar take. Masu sayarwa da yawa suka daina ba da shaida da wuri, sai su yi shiru su jira su ga abin da mai saye zai rubuta. In ya yaba, su yaba masa. In ya kushe, ko da gaskiyarsa, su ma su kanta masa kushe, su ce ai shi ne mai rigima. Ka ɗauka ka sayi agogo, ka biya a kan lokaci, aka turo maka shi bayan mako uku, gilashinsa a tsage. Me za ka rubuta? Shi mai sayarwar yana da shaida dubu biyar, kushe ɗaya ba zai girgiza shi sosai ba. Kai kuwa goma sha biyu gare ka, kushe ɗaya zai fito ƙuru-ƙuru kamar baƙin tabo a farar shadda, ga shi wataƙila kai ma kana so ka sayar da wani abu wata rana. Sai ka haɗiye fushinka, ko dai ka rubuta yabon da ba ka ji a zuciya ba, ko ka yi gum.

Abin ma bai tsaya nan ba. A lokacin akwai wata ƙofa da aka bari, ta janye shaida da yardar juna. An yi ta ne don sulhu, amma sai ta koma abin ciniki: ka janye naka, in janye nawa. Wato mai sayarwa zai jefe ka da kushe ne da gangan don ya samu abin da zai yi musaya da shi.

Sakamakon haka, sama da kashi 99 cikin 100 na shaidun da ke kasuwar suka zama yabo. Duk wanda ya taɓa zama a rumfa ko na wata guda ya san babu kasuwar da ake samun haka a duniya. Wasu masana biyu, Chrysanthos Dellarocas da Charles Wood, sun fitar da bincike a 2008 inda suka yi lissafin har da waɗanda suka yi shiru, suka kiyasta cewa kusan mai saye ɗaya cikin biyar yana tashi daga ciniki da ɗan ɓacin rai. Ɗaya cikin biyar a zuci, ƙasa da ɗaya cikin ɗari a rubuce. Ina sauran suka shiga? Tsoro ya cinye su.

Masu eBay sun bi abin a hankali. A watan Mayu na 2007 suka ƙara wani ma'auni na taurari, daga ɗaya zuwa biyar, wanda mai saye kaɗai ke bayarwa, a kan abubuwa huɗu: shin kayan sun yi daidai da yadda aka siffanta su, yaya mai sayarwa yake amsa magana, saurin aiko kaya, da kuɗin aiko su. Mai sayarwa ba ya ganin wa ya ba shi nawa, jimilla kawai yake gani. Sannan a ƙarshen Janairun 2008 aka yi sanarwar babban canjin: daga watan Mayu, mai sayarwa ba zai ƙara iya ba mai saye kushe ko tsaka-tsaki ba. Yabo kawai, in ba haka ba ya yi shiru. Aka kuma rufe ƙofar nan ta janye shaida da yardar juna. Bill Cobb, wanda ke shugabantar kasuwar a Arewacin Amurka a lokacin, ya ce masu sayarwa sun ninka masu saye sau takwas wajen ramuwar gayya da shaida, kuma mai sayen da aka cuta sannan aka bi shi da kushe, shi ne ke tafiya ba ya dawowa.

Kai, ranar masu sayarwa sun yi kumfar baki! Daga 18 zuwa 25 ga Fabrairun 2008 wasunsu suka ƙaurace wa kasuwar na mako guda. Gaskiya ba maganar shaida kaɗai ta fusata su ba, domin a sanarwa ɗaya aka rage kuɗin sa kaya aka ƙara la'adar da kamfanin ke cira idan an sayar, ga shi ana shirin canjin shugabanci daga Meg Whitman zuwa John Donahoe. Amma abin da ya fi ci musu rai shi ne sandar da aka ƙwace.

Kuma kada mai karatu ya ɗauka ba su da hujja. Suna da ita. Duk ɗan kasuwa ya san mugun mai saye. Akwai wanda zai yi tayi ya ƙi biya. Akwai wanda zai sa riga ya je biki sannan ya dawo da ita ya ce ta yi masa kaɗan. Bayan canjin kuma sai ga masu saye da ke cewa ka rage mini kuɗi ko in ɓata maka suna, har sai da kamfanin ya riƙa hukunta masu irin wannan barazana. Wanda ya ce duk masu saye salihai ne bai taɓa auna wa kowa shinkafa ba.

To me ya sa duk da haka na ce an yi daidai? Saboda ɓangarorin biyu ba nauyi ɗaya suke ɗauke da shi ba. Mai saye, da zarar ya biya, ya gama nasa. Abin da ya rage duka yana hannun mai sayarwa: ko zai aiko da kayan, ko su ne aka gani a hoto, ko zai naɗe su da kyau, ko zai amsa in an kira shi. Mutumin da ya riga ya biya ka kuɗinka cif, wace shaida za ka jira mako biyu kafin ka ba shi, in ba kana jiran ka ji abin da zai ce a kanka ba? Kuma wanda ke karanta shaidar gobe, ai mai saye ne da ke shirin tura kuɗinsa ga baƙo. Shi aka yi tsarin domin shi. Kukan mai sayarwa kuka ne na gaskiya, amma maganinsa a ba shi wata ƙofar daban, ya kai ƙarar wanda ya ƙi biya, ya hana wanda ya cuce shi sake yi masa tayi, kuma an ba shi waɗannan. Abin da bai kamata ba shi ne a bar shi riƙe da wuyan mai shaida.

Yanzu ga inda labarin ya fi yi mini daɗi. Wasu masana tattalin arziki uku, Tobias Klein da Christian Lambertz da Konrad Stahl, sun bi diddigin dubban masu sayarwa kafin canjin da bayansa, suka buga abin da suka gano a 2016. Sun yi sa'a, domin ma'aunin taurarin nan an fara shi shekara guda kafin canjin kuma ba a taɓa shi ba, sai ya zama musu mudun awo. Abin da suka gani shi ne gamsuwar masu saye ta ƙaru sosai bayan Mayun 2008. Kuma ba don miyagun masu sayarwa sun gudu ba ne, domin yawan masu barin kasuwar bai ƙaru ba. Mutanen da ke nan jiya su ne dai ke nan yau, hali suka gyara.

Ina so mai karatu ya tsaya a nan ya yi tunani. Mutumin da ya shekara yana aiko kaya a makare, ashe yana iya aikowa da wuri. Wanda ke ɓoye tsagar gilashi a hoto, ashe yana iya faɗa. Babu wanda ya yi musu wa'azi, ba a kai kowa kotu ba. Maɓalli ɗaya aka cire daga shafinsu, sai sakaci ya zama abu mai tsada, suka bar shi. Mu mun saba cewa wane mai amana ne, wane kuma maha'inci ne, kamar da haka aka haife su. Akwai masu tsoron Allah da ko babu mai gani ba za su tauye mudu ba, akwai kuma waɗanda ko an sa musu ɗan sanda a rumfa sai sun tauye. Amma mafi yawan mutane suna tsakiya, suna kallon abin da za a iya faɗa a kansu da wanda zai ji.

Sai dai kar in yi muku zuƙi ta malle, canjin bai warkar da komai da komai ba. Bayan shekaru, Chris Nosko da Steven Tadelis, waɗanda suka yi aiki da bayanan kamfanin daga ciki, sun tarar har yanzu matsakaicin yabon mai sayarwa ya haura kashi 99, fiye da rabinsu ma ɗari bisa ɗari gare su. Mutane dai ba sa son rubuta kushe, wasu don kunya, wasu don gudun dogon surutu. Sai suka canza lissafin, suka raba yawan yabo da yawan cinikin da mutum ya yi gaba ɗaya, har da waɗanda aka yi shiru a kansu. Nan take bambanci ya fito tsakanin masu sayarwar da a da duk kamanninsu ɗaya. Da aka gwada tura masu saye wajen waɗanda suka fi kyau a wannan sabon awon, sai aka ga sun fi dawowa su sake sayayya. Kamfanin Airbnb na hayar masauki kuwa wata hanyar ya bi a 2014: kowa ya rubuta tasa shaidar a rufe, ba a buɗewa sai duka biyun sun rubuta ko kwana 14 sun cika. Wannan ma ta ƙara yawan masu rubutawa, ta ɗan rage yabon ƙarya. Hanyoyin sun bambanta, amma ciwo ɗaya ake magani.

Akwai abu guda a binciken Nosko da Tadelis da ya sa na zauna rubuta wannan duka. Mai sayen da aka ɓata wa rai ba mai sayarwa ɗaya yake gudu ba, kasuwar gaba ɗaya yake bari. Wanda ya cuce shi ya ci ribarsa ta rana ɗaya, asarar kuma ta hau kan dubban da ba su ji ba ba su gani ba.

Jama'a, wannan ai mu ne. Bayarabiyar da ta sayi buhun wake a hannun ɗayanmu ta tarar da ƙwari a ƙasa, ba za ta ce wane ya cuce ni ba, domin ko sunansa ba ta riƙe ba. Cewa za ta yi Malam ya cuce ni, ko Aboki ya cuce ni. Mu duka suna ɗaya gare mu a bakin mutanen gari. Jarin da iyayenmu suka bar mana a Kurmi, kafin kuɗi, shi ne wannan magana da ake yi cewa Bahaushe in ya faɗi farashi ya faɗa, in ka ba shi ajiya za ka same ta. Da wannan suna ake ba mu haya, da shi ake ba mu bashi.

Kuma iyayen namu ba da fatar baki suka gina shi ba, tsari gare su. Wani Bature masanin zamantakewa, Abner Cohen, ya zauna a Sabon Ibadan a farkon shekarun 1960, ya fitar da littafi a 1969 a kan cinikin shanu da goro na unguwar. Abin da ya bayyana dattawanmu sun san shi sarai. Bafatake zai taho da shanu daga Arewa ya sauka a gidan maigida. Dillalan maigida su sayar wa mahautan gari bashi, maigida ya tsaya lamuni, in mahauci ya ƙi biya shi zai biya. Saboda haka dillalai suna sane da kowane mahauci, nawa ake binsa, ya saba cika alkawari ko a'a. Shi kansa maigida ba a ƙyale shi ba. Bafataken da bai ji daɗin saukarsa ba, in ya koma gida zai faɗa wa 'yan uwansa fatake, baɗi a sauka a wani gidan. In rigima ta yi tsanani a je gaban Sarki. Ku lura da abu ɗaya a nan: labarin mutum ba ta hannunsa yake bi ba. Maigida yana Ibadan, ana ba da shaidarsa a Kano, ba shi da yadda zai toshe bakin kowa.

To yau fa? Matasanmu da yawa sun koma sayarwa ta waya, kuma abu ne mai kyau. Kilishi, turare, atamfa, takalma, albasa da tattasai buhu-buhu, wayoyi na hannu, duk ana tallarsu a WhatsApp da Facebook da Instagram da TikTok, ana aikawa ta mota ko ɗan acaba. Amma dubi yadda shaida ke tafiya a wannan sabuwar kasuwar tamu. Mai kaya ne da kansa yake ɗauko hoton saƙon wanda ya yaba masa ya liƙa a shafinsa. Wanda ya yi ƙorafi a goge maganarsa, in ya matsa a toshe shi. In a zauren WhatsApp ne na unguwa ko na 'yan kasuwa, sai abokan mai kaya su taso masa, a ce yana hassada, yana so ya toshe wa bawan Allah hanyar abinci, wani ma ya ɗauko lambarsa ya yaɗa. Wannan ya fi eBay ta kafin 2008 muni. A can mai sayarwa ramuwa kawai yake iya yi, a nan shi ne mai kaya, shi ne mai shaida, shi ne alƙali.

Kuma mu muna da wani abin da ke ƙara rufe baki, wato kunya. Yaya za ka fito fili ka ce turaren da ɗan maƙwabcinku ya sayar maka gauraye ne, alhali gobe sahu ɗaya za ku tsaya a masallaci? Ba na raina wannan kunya, ita ce ke riƙe da zamanmu. Amma sakamakonta ɗaya ne da na tsoron ramuwa: yabo ya cika fili, gaskiya ta koma raɗa. Baƙon da ba Bahaushe ba kuwa, shi ba ya cikin masu jin raɗar, sai ya faɗa rami sannan ya sani, daga nan kuma ya yi sallama da mu duka.

Na san abin da wasu za su ce, domin na sha ji a majalisa: in ka buɗe wannan ƙofa, maƙiya za su shigo, abokin gasa zai turo a ɓata ka. Zai faru, kamar yadda ya faru a eBay. Amma wannan dalili ne na a tsara ƙofar. Kusan kowace kasuwa tamu, daga Bodija zuwa Alaba Rago, tana da shugabanni da ƙungiya da ake biya wa kuɗi. Me zai hana ƙungiya ta fitar da lamba ɗaya, a hannun dattijon da ba ya sayar da irin kayan, wadda duk mai tallar kaya da sunan kasuwar zai sa a ƙasan tallarsa? Mai saye ya kai kukansa can, da shaidar biyan kuɗi, don a san cinikin ya auku da gaske. A kira mai kaya a ji nasa. Shi ma in mai saye ne ya cuce shi ya kai nasa kukan can, maimakon ya yaɗa hoton mutum a duniya. Ƙorafi ɗaya ba komai ba ne, kowa na kuskure. Amma in suna ɗaya ya dawo sau biyar a wata uku, to dattawa sun san abin yi, ba sai na koya musu ba.

Kafin a kai ga haka, akwai lissafin Nosko da Tadelis da kowa zai iya yi shi kaɗai a daren yau. Ka bar ƙirga saƙonnin yabon da ka tara. Buɗe wayarka ka duba mutum hamsin na ƙarshe da suka tura maka kuɗi, ka ware waɗanda suka dawo karo na biyu. Sauran, ka zaɓi biyar ka kira su da kanka, ka ce ba ciniki ya sa ka kira ba, so kake ka ji yadda kayan suka isa. In sun fara magana kada ka katse su.